Gudu Daban, Tashi Daban

Yau dai ba labarin soyayya na zo da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba, duk da na san su suka fi tara jama'a. Maganar mota ce ke tafe da ni, amma ina roƙon 'yan uwa mata kada su yi saurin wucewa, domin kuwa su ma matafiya ne, kuma galibi su ake cusawa a kujerar baya da goyo da ƙullin kaya.

Duk mai karanta littattafanmu ya san yadda marubutanmu ke son mota. Da wuya ka gama littafi ba ka ci karo da saurayi ɗan masu kuɗi wanda ransa ya ɓaci, ya faɗa mota ya fige ta, ya bar maigadi da ƙura ba. Abin da na lura da shi shi ne, kullum gudun motar ake yabo, ba a cika kula da ɗan lokacin nan da ke tsakanin taka totur da amsawar mota ba. Mu kuwa da muka tashi a kudancin Katsina, tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan ɗan lokacin muke dubawa kafin komai. Direbobinmu suna da kalmarsu a kansa. In suka ce mota tana da gudu, yabo ne na fatar baki. In suka ce tana da tashi, to an gama magana.

Gudu shi ne iyakar nisan da mota za ta iya ci a cikin awa guda in an sakar mata hanya. Tashi kuwa shi ne saurin da take yi wajen ƙara gudun, wato daga tsaye zuwa tafiya, ko daga rarrafe zuwa sheƙawa. Raƙumi yana da nisan zango, amma kafin ya miƙe daga gurfane dokin sukuwa ya ba shi rata. Masu ƙera motoci suna auna wannan abu da daƙiƙoƙin da mota ke ɗauka daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 100 a awa. Ƙananan motocin da aka saba gani a hanyoyinmu, lokacin da suke sababbi, yawanci tsakanin daƙiƙa 10 ne zuwa 15. Bugatti Veyron da ta fito a 2005 da ƙarfin doki 1,001 tana yi a daƙiƙa biyu da rabi, wasu motocin lantarki na yanzu ma sun sauko ƙasa da daƙiƙa biyu, saboda injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga juyin farko. To amma ba waɗannan ne damuwarmu ba. Damuwarmu ita ce tsohuwar Golf 'yar Kwatano mai ɗauke da mutum bakwai da buhun masara.

Ni dai a gefen kawuna na fara sanin wannan karatu. Direban haya ne, a farkon shekarun 1990 yana jan Peugeot 504 doguwa mai layin kujeru uku, wadda kowa ke kira Fijo. A Kakuri ta Kaduna ake harhaɗa su a wancan lokacin, a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975, kuma sun daɗe suna mulkin tashoshin Arewa kafin Golf da Sharan su karɓe sarautar. Hanyarsa ita ce Funtuwa zuwa Gusau, ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara har a shiga Tsafe, wani lokacin kuma ya karya a Sheme ya nufi Ƙanƙara. In lokacin kaka ne sai ya koma hanyar Ɗandume da Sabuwa, inda hatsi ke fitowa kamar ba za a ƙare ba. Duk hutun makaranta ni ne yaron motarsa, ni ke wanke gilashi, ni ke duba ruwan lagireto, ni ke riƙe igiyar ɗaure kaya.

Kawu bai yi boko ba, amma yana da ma'auninsa da ba ya saɓawa. Akwai wani miƙaƙƙen wuri a bayan gari, daga gindin wata tsamiya zuwa wani kwalbati. Duk ranar da aka taɓa injin motar, ko fulogi aka canza ko kafireto aka wanke, ba zai yi lodi ba sai ya je wurin da sassafe, ni da shi kawai. Zai tsaya daidai tsamiyar, ya ciro agogonsa ya miƙo mini.

"Riƙe nan, ɗana. Da ka ji na saki kuloci ka fara ƙirga, da mun hau kwalbati ka tsaya. Kada ka kalli hanya, hanya tawa ce."

Sai mu yi zuwa, mu juyo mu yi dawowa. Ranar da na tambaye shi, "Kawu, me ya sa sai mun yi sau biyu?" sai ya yi dariya ya ce, "Idonka ke gaya maka wurin nan a shimfiɗe yake, mota ba ta yarda ba. Zuwa gangara ce, dawowa hawa ce, ga kuma iska. In ka auna ɗaya ka bar ɗaya, kanka ka yaudara." In lissafin ya fi na wancan karon yawa ko da daƙiƙa biyu ne, ba ya musu da kowa, gareji zai koma ya ce wa bakanike, "Maigida, akwai sauran aiki." Bakaniken ya rantse ya maya cewa injin lafiya lau yake, ya taka totur a tsaye motar ta yi ruri. Kawu ya ce, "Ruri a tsaye ai ko zakara ya iya. A hanya nake son ta yi magana."

Sai da na yi nisa a makaranta na gane cewa abin da Kawu ke yi tsakanin tsamiya da kwalbati shi ne ainihin abin da masu tseren motoci a Amurka ke yi a filin da suka ƙayyade wa rubu'in mil, wato mita 402. Na kuma haɗu da ƙa'idar da ta fito daga littafin da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a 1687, wadda a taƙaice take cewa tashin kowane abu ya dogara ga abu biyu, ƙarfin da ke tura shi da nauyin da ake turawa. In ƙarfi ya ƙaru tashi ya ƙaru, in nauyi ya ƙaru tashi ya ragu. Duk falken da ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san wannan, sai dai bai rubuta ba.

Bari mu yi lissafin a fili. Mu ɗauka Golf tana da nauyin kilo 1,100, direba kuma kilo 65, jimla 1,165. A tasha sai a sa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kowanne kilo 65, an ƙara 390 ke nan. A jefa buhun masara biyu a but, kilo 200. Yanzu injin da ɗazu yake tura 1,165 yana fama da 1,755, wato nauyin ya ƙaru da rabi. Motar da ke kai wani gudu a daƙiƙa 12 yanzu sai ta nemi 18 ko fiye. Injin bai lalace ba, ba kuma sammu aka yi mata ba, kaya ne suka yi mata yawa.

Mai karatu zai iya cewa, to daƙiƙa shida har wani abu ne? A hanyar Funtuwa zuwa Gusau abu ne babba, domin kuwa hanya ce ta tireloli da tankokin mai. Alal misali, kana bayan tirela tana tafiyar kilomita 50 a awa, kana so ka wuce ta. In aka haɗa tsawonta da naka da ratar da za ka bari gaba da baya, sai ka ci mata kamar mita 50 kafin ka koma hannunka. Mota mai lafiya da kaya daidai za ta iya gama wannan a daƙiƙa 10, a cikinsu ta shafe kusan mita 190 a hannun da ba nata ba. In akwai mai tahowa da gudun kilomita 80, shi ma a lokacin ya ci mita 220. Ke nan kana buƙatar fili fiye da mita 400. In kuwa tashin motar ya ragu da rabi, aikin zai ɗauki daƙiƙa 14, filin da ake buƙata ya koma kusan mita 560. Wannan bambanci na mita 150, a cikinsa ake yin taho-mu-gama. Direban bai canza ba, idonsa bai canza ba, ya auna wucewar ne da motar da ya sani jiya, alhali yau wata motar yake tuƙawa.

Bayan nauyi sai iska, wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta abincin mota ba. Injin fetur yana buƙatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai, wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita dubu tara. Duk wannan iskar ta cikin matata take bi. Yanzu ka tuna hunturu a ƙasar Sabuwa, ka tuna jar ƙurar hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, ka tuna ƙurar farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara. Matatar da za ta shekara a Turai, a nan ba ta daɗewa take toshewa. Bugu da ƙari, ƙasarmu tudu ce, ta ɗara bakin teku da mita ɗari shida ko fiye, kuma duk hawan mita ɗari iska na rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Zafin bazara ma yana ƙara tsinka ta. Shi ya sa motar da aka gwada a Legas ko Kwatano aka ji daɗinta, in ta iso gida a watan Afrilu da tsakar rana sai mai ita ya ce an yi masa musanye. Ba a yi ba, numfashinta ne ya ragu.

A zamanin Kawu, iyakar amfanin tashi ke nan: wuce tirela, hawa tudu, da riga abokin sana'a isa tasha. To amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Shekarun da suka biyo baya sun mayar da ƙananan hukumomin nan uku bakin daga, kasancewar suna jingine da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji sunan garin, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce su zagaya ta Funtuwa, aka hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, na tsawon watanni. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin. A tsawon waɗannan shekaru kalmar tashi ta samu sabuwar ma'ana a bakin direbobi. Kowa ya san ba a miƙaƙƙen titi ake tare mota ba, a inda rami ya tilasta mata rarrafe ake tare ta. Don haka tambayar da direba ke yi wa motarsa ta koma: in na rage gudu a wurin nan, daƙiƙa nawa zan yi kafin na bar shi?

Akwai ranar da na shiga wata Golf daga Funtuwa a cikin waɗannan shekaru, mun cika maƙil. Ana shirin tashi sai ɗan kamasho ya zo da wani mai buhu biyu, ya ce a ɗaure a bayan but. Direban, wani matashi mai ƙarancin magana, ya girgiza kai. Aka yi ta ja-in-ja, mai kayan ya ƙara kuɗi, direban ya ce ko nawa ne ba zai ɗauka ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "Haba ɗan nan, ka taimaki bawan Allah mana, ai mota ba ta gajiya."

Ya waiwayo cikin ladabi ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Akwai wurin da za mu wuce a gaba, in muka sauka ramin nan da buhunan nan a bayanmu, sai kin ƙirga ashirin ba mu fita ba. Ba tare da su ba, goma ta isa. Ni goman nan nake saye da kuɗin da na bari."

Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ja mu je." Babu wanda ya sake magana har muka wuce wurin. Ba abin da ya faru, lafiya lau muka sauka, amma na daɗe ina juya maganar. Yaron nan bai san sunan Newton ba, sai dai ya fi wasu masu digiri aiki da karatunsa, kuma ya biya kuɗin karatun daga aljihunsa.

Sai dai tsoro mugun mai ba da shawara ne. Tun da neman tashi ya zama neman tsira, magungunan gargajiya na gareji suka yawaita. Wani zai ce a cire matatar iska gaba ɗaya don injin ya sha iska. Gaskiya ne zai sha, amma da yashi, kuma yashin nan zai zauna yana cin ringi da bangon silinda kamar ana goga musu takardar gurza, bayan 'yan watanni motar ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, tashin da ake nema ya tafi gaba ɗaya. Wani zai ce a fasa salansa. Ƙara za ta ƙaru, kunne ya gaya wa zuciya cewa ƙarfi ya ƙaru, agogo kuwa bai shaida ba. Wani zai ce a cire abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi. In ya toshe, lallai yana shaƙe mota, amma in lafiyarsa ƙalau ribar cire shi kaɗan ce, kuma yana da kyau mai mota ya san cewa a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada da ake saye, don haka ba kowane mai ba da shawarar cirewa ne yake yi don Allah ba. Wani kuma zai sa manyan tayoyi don motar ta ɗaga daga ƙasa. Za ta ɗaga, amma babbar taya tamkar ƙarin giya ce, tana rage tashi, tana kuma sa maleji ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi.

Maganin duk wannan gardama shi ne awo, gani ya kori ji. Kuma ba sai an kai kilomita 100 ba. Awon da ya fi amfani a hanyoyinmu shi ne daga 40 zuwa 80 a giya ta uku, domin shi ne awon wuce tirela da na barin rami, kuma bai ƙetare iyakar gudun da doka ta sa a babbar hanya ba. A nemi miƙaƙƙen wuri da ake ganin nesa, da rana, babu gidaje, babu makaranta, babu mashigar dabbobi. A tafi mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da agogon waya yana kallon maleji. A bari injin ya yi ɗumi tukuna. A daidaita mota a 40, a taka totur har ƙasa, a tsayar da agogo da allura ta taɓa 80. A yi zuwa da dawowa sau uku-uku, a haɗa a raba. Manhajojin waya masu aiki da tauraron ɗan'adam suna taimakawa wajen gane ko maleji na ƙarya, amma yawancin wayoyi sau ɗaya suke karɓar bayani a daƙiƙa, don haka kada a ɗauki lissafinsu kamar yankan wuƙa. A rubuta sakamakon a littafi tare da kwanan wata da yawan mutanen da ke ciki. Sannan babban sharaɗi: abu ɗaya ake canzawa a sake awo. In ka canza fulogi da matata da mai a rana ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanne ya yi aikin ba.

In awo ya nuna mota ta yi sanyi, a fara daga mai araha zuwa mai tsada. A sauke tarkacen da ya shekara a but. A duba iskar taya wajen mai faci, da ma'auni ba da bugun ƙafa ba, domin taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, tana kuma yin zafi har ta fashe. Bayan tafiya a kai hannu kusa da kowace ƙafa, in ɗaya ta fi sauran zafi to birki na kamawa, motar tana tafiya ne da dabaibayi. A canza matatar iska da ta mai, a duba fulogi da wayoyinsu. A kula da inda ake shan mai, domin fetur ɗin da aka gauraya da kananzir yana sa injin ƙwanƙwasa yana kashe masa ƙarfi, kuma ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin metanol ba, wanda ya kwantar da motoci da dama. In ka taka totur injin ya yi kuka amma gudu bai biyo baya ba, kuloci ne ke zamewa, ƙarfin yana ƙonewa a hanya kafin ya isa taya. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan a je ga auna matsin silinda da maganar sauke inji. Abin da ake nema a tsohuwar mota ba ƙarin ƙarfi ba ne, maido mata da wanda ta zubar ne.

Saura ƙafar direba da hannunsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka ya sake ninkawa, direbobi suka shiga dabarun tsimi. Za ka ga an jefa mota giya ta biyar tun tana rarrafe, ko a sake ta firi a gangara. Ba na ganin laifin mai neman abin kai wa gida, amma giya ita ce ke ninka ƙarfin inji kafin ya isa taya, ƙaramar giya ta fi ninkawa. Motar da ke 50 a giya ta biyar, ko ka taka totur har ya taɓa ƙasa sai dai ta yi gurnani. Wadda ke firi kuwa ba ta da tashi ko kaɗan, ba ta kuma da riƙon inji. Direban ƙwarai tun kafin ya isa rami ko ya fita wuce tirela ya riga ya sauko giya ta uku, ƙarfinsa na hannunsa. Wannan gyara ne da ba a biyan ko kwabo.

To amma fa akwai ɗaya rabin karatun, wanda in aka bar shi gara ma ba a fara ba. Duk abin da ya tashi sai ya tsaya. A gudun kilomita 80, mota na cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki daƙiƙa guda ta wuce. A kan kwalta mai kyau da taya mai kyau, tsayawa cik na buƙatar kusan mita 60. A gudun 120 kuwa ya haura mita 110, domin in gudu ya ninka, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu a Fabrairun 2017, direbobi da yawa suka yi ta ƙorafi cewa za a hana su tsere wa 'yan fashi. Na fahimci tsoronsu, sai dai na'urar saman gudu take yankewa, ba ta taɓa tashi daga 40 zuwa 80 ba. Wanda ya gyara tashi ya bar birki da sulɓaɓɓiyar taya, ya gudu daga hannun ɗan bindiga ne ya faɗa hannun kwalbati. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa lafiyayyar mota laya ce. Babu Golf ɗin da ta fi harsashi tashi. Direbobin da suka daɗe a hanyoyin nan za su gaya maka cewa abin da ya fi tsare su shi ne tambaya kafin tafiya, lura da ko motoci na tahowa daga gaba, ƙin tafiyar dare da ta asuba, da haƙurin zagaye in an ce gaba ba kyau. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Daƙiƙoƙin da muke ta lissafi ɗan ƙarin rata ne kawai, amma rata ce da talaka zai iya saya wa kansa da kuɗin matata da fulogi, tun kafin manya su gama taro.

Don haka ina da roƙo uku. Masu motocin haya su riƙa ware kuɗin gyara kafin su ƙirga balas, kada su tura yaro hanya da motar da su kansu ba za su sa iyalinsu a ciki ba. Mu fasinjoji kuma, in direba ya ce kaya sun isa, mu daina yi masa taron dangi, mu daina zuga shi da cewa wane ya wuce mu. Masu alhakin hanya su sani cewa kowane rami da aka cike a tsakanin Sheme da Ƙanƙara, ko tsakanin Ɗandume da Sabuwa, aikin tsaro ne kafin ya zama aikin kwalta, domin inda mota ba ta rage gudu ba, ba ta buƙatar tashin gaggawa. Burina shi ne a wayi gari maganar tashi ta koma inda take a da, wato gardamar direbobi a teburin mai shayi, wane ya ce tasa ta fi, wane ya ce ƙarya ne, a yi dariya a watse.

Allah ya tsare matafiya, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.